Giallo: Finafinan Kisa da Ban Tsoro na Ƙasar Italiya

Giallo suna ne na wani rukunin finafinan Italiya da aka yi yayinsu daga 1963 zuwa farkon shekarun 1980, waɗanda labarinsu bai wuce kisan kai da farautar wanda ya yi kisan ba. Kalmar na nufin launin rawaya a harshen Italiyanci. Asalinta kuwa daga littattafai ne: a 1929 kamfanin ɗab'i na Mondadori da ke Milan ya fara fitar da labaran bincike masu araha cikin bango rawaya, yawancinsu fassarar marubutan Ingila da Amurka irin su Agatha Christie da Edgar Wallace. Da tafiya ta yi tafiya, duk wani labarin kisa da bincike sai mutanen ƙasar su kira shi da launin bangon. Kusa da giallo akwai ɗan uwansa na jini, wato finafinan ban tsoro na mayu da fatalwa da gawarwakin da ke tashi daga kabari. Daraktoci ɗaya ne suka yi su, da ma'aikata ɗaya, da aljihu ɗaya wanda ba shi da nauyi.

Mai kallo a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya saba raba finafinan waje gida uku: na Indiya, na Chanis, da na Amurka. Italiya ba ta cikin lissafi, alhali kayanta sun daɗe suna yawo a duniya cikin rigar aro. Duk wanda ya taɓa kallon Django, fim ɗin kaboyi na 1966, a sinima ko a kaset, fim ɗin Italiya ya kalla. Daraktansa Sergio Corbucci mutumin Rum ne, jaruminsa Franco Nero ma ɗan Italiya ne, Turancin da ke bakinsa kuma ɗora masa shi aka yi. Wannan ɓad-da-kama da gangan aka yi ta, kuma tana cikin abubuwan da suka gina sana'ar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sinima ita ce babbar hanyar shaƙatawar talakan Italiya. A 1955 an sayar da tikiti sama da miliyan 800 a ƙasar. Gidajen sinima hawa uku ne. Na farko suna tsakiyar manyan birane, tikitinsu da tsada, su ke fara nuna sabon fim. Na biyu suna unguwanni. Na uku kuwa suna ƙauyuka da unguwannin ma'aikata, kuma nan ne kasuwar finafinai masu araha take. Masu zuwa can galibi maza ne da suka tashi daga aiki. Ba wani fim na musamman ya kawo su ba, zuwa sinima ne al'adarsu ta dare. Mutum zai shigo fim ya yi nisa, ya kunna sigari, ya kama hira da na kusa da shi, ba zai ɗaga kai ba sai ya ji kiɗa ya sauya ko mace ta ƙwala ihu. Wani masani mai suna Mikel Koven, a littafinsa na 2006 a kan giallo, ya nuna cewa irin wannan kallo shi ya tsara siffar finafinan: a bar labari ya yi ta jan ƙafa, amma duk bayan 'yan mintuna a jefo wata fitowa mai tsinka zuciya da za ta katse hira. Wanda ya san yadda ake kallo a tsofaffin sinimomin Arewa marasa rufi, inda ihu da tafi da sharhin 'yan kallo kan danne maganar jarumi, ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Kasuwar tana da wata ɗabi'a kuma. Da zarar fim ɗaya ya ci kasuwa, sai furodusoshi su yi masa caa, kowa ya fitar da makamancinsa, har sai an tatse abin ya ƙafe a koma wani. Haka aka yi da finafinan jaruman zamanin da bayan fim ɗin Hercules na 1958. Haka aka yi da na kaboyi bayan Sergio Leone ya yi nasa a 1964. Yawancin furodusoshin ba su da jari. Dillalin da zai rarraba fim shi ke ba da kuɗin somin-taɓi, wani lokaci bisa suna da hoton talla kawai, kafin a rubuta ko da layi ɗaya na labari.

Finafinan ban tsoro sun makara a Italiya. Zamanin Mussolini, wanda ya buɗe katafaren sansanin shirya finafinai na Cinecittà a Rum a 1937, ba a yi su ba. Sai a 1957 Riccardo Freda ya gwada da I vampiri, labarin wata tsohuwa da ke sabunta ƙuruciyarta da jinin 'yan mata. An ɗauke shi cikin kimanin mako biyu. Freda ya yi fushi ya bar aikin kafin a gama, mai ɗaukar hotonsa Mario Bava ya ƙarasa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, Freda kuma ya ɗora laifin a kan sunansa: a ganinsa 'yan ƙasarsa ba su yarda ɗan uwansu zai iya ba su tsoro ba. Daga nan ya koma sa hannu da sunan Robert Hampton. Antonio Margheriti ya zama Anthony M. Dawson, Bava ya taɓa zama John M. Old, shi kansa Leone ya fara finafinansa na kaboyi da sunan Bob Robertson.

Mario Bava, wanda aka haifa a Sanremo a 1914, shi ne uban wannan fanni. Mahaifinsa masassaƙi ne da ke haɗa dabarun hoto tun zamanin finafinan bebe, shi kuma ya so zama mai zane kafin ya faɗa aikin kyamara. Fim ɗinsa na farko da sunansa, La maschera del demonio na 1960, labarin wata mayya ce da aka kafa wa takunkumin ƙarfe mai ƙusoshi a fuska, ta dawo bayan shekara 200 don ɗaukar fansa. Ya ɗaukaka jarumar Ingila Barbara Steele, Birtaniya kuma ta hana nuna shi har zuwa 1968. A 1963 ya fitar da La ragazza che sapeva troppo, wato yarinyar da ta san abin da ya fi ƙarfinta, wanda ake ƙirgawa a matsayin giallo na farko: baƙuwa daga Amurka ta ga an yi kisa da dare a tsakiyar Rum, gari ya waye babu gawa, babu wanda ya gaskata ta.

Fim ɗin da ya kafa ƙa'ida shi ne na shekarar da ta biyo, Sei donne per l'assassino, mata shida ga makashi. A wani gidan ɗinkin kayan gayu ne ake ta kashe 'yan matan da ke tallar sutura ɗaya bayan ɗaya, saboda wani kundin sirri da ɗayarsu ta bari. Makashin yana sanye da doguwar baƙar kwat, da malafa, da baƙar safar hannu, fuskarsa a naɗe da farin ƙyalle ba ido ba baki. Bava bai damu da binciken 'yan sanda ba, hankalinsa na kan haske. A wata fitowa, yarinya ta shiga shagon kayan tarihi da dare, fitilar talla da ke waje tana kunnuwa tana mutuwa, ɗakin yana juyawa daga kore zuwa ja zuwa duhu, makashin yana bayyana yana ɓacewa tsakanin madubai da gumaka. Duk wannan ƙawa ba da kuɗi aka saye ta ba. Fitilu ne da aka rufe da ledoji masu launi, kuma maimakon keken ƙarfe mai tsada da ake tura kyamara a kai, a kan amalanken wasan yara aka ɗora ta. A Italiya fim ɗin bai tara wani abin kirki ba a lokacin.

Wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Dario Argento, haifaffen Rum a 1940, ɗan furodusa, tsohon mai sharhin finafinai a jarida. Fim ɗinsa na farko ya fito a 1970 da suna L'uccello dalle piume di cristallo, tsuntsu mai gashin gilashi. Wani marubuci Ba'amurke yana tafe a titi da dare, sai ya hango ta gilashin wani zauren baje kolin zane ana kokawa tsakanin mace mai fararen kaya da wani mai baƙar kwat, wuƙa na walƙiya a tsakaninsu. Ya ruga don ya taimaka, ƙofar gilashi ta rufe a bayansa, ta gabansa ma a kulle. Ya tsaya a tsakiya yana kallon matar tana jan ciki cikin jini, ba ya jin ta, ba ta jin shi. Tun daga nan har ƙarshen fim abu ɗaya ke cin zuciyarsa: akwai abin da ya gani a daren nan wanda bai zauna daidai ba. Sai a ƙarshe ya tuno cewa wuƙar a hannun matar take. Ita ce makashiyar, mai baƙar kwat mijinta ne da ke ƙoƙarin ƙwace wuƙar. An nuna wa mai kallo gaskiya tun farko, zuciyarsa ce ta yanke hukuncin cewa mai baƙin kaya shi ne mugu. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace kyau a duk fannin, kuma Argento ya maimaita ta da madubi a Profondo rosso na 1975.

Fim ɗin tsuntsun ya yi kasuwa a gida da Amurka, sai ambaliya ta ɓalle. Tunda akwai tsuntsu a sunansa, kowa ya nemo dabba. A 1971 kaɗai an ga wutsiyar kunama ta Sergio Martino, da gizo-gizo mai baƙin tumbi na Paolo Cavara, da ƙadangare cikin fatar mace na Lucio Fulci, da malam-buɗe-littafi mai jini na Duccio Tessari. Argento da kansa ya ƙara da kyanwa mai wutsiya tara da ƙudaje huɗu. Sau da yawa dabbar ba ta da wata alaƙa ta a-zo-a-gani da labarin.

A finafinan da masu kallo a ƙasar Hausa suka saba, tun farko an san akta an san bos, abin jira shi ne karon ƙarshe. Giallo ya juya wannan. Ba a ganin bos, sai hannunsa cikin safa yana shafa aska, sai numfashinsa a waya, sai kyamara da ta zama idonsa tana laɓe a bayan labule. A finafinan Argento na farko, hannun da ake gani cikin safar nasa ne. Aktan kuma ba ɗan sanda ba ne, baƙo ne ko mawaƙi ko ɗan jarida da tsautsayi ya sa ya ga abin da bai shafe shi ba. Sufeton 'yan sanda yana nan, amma kullum a makare. Idan asiri ya tonu, makashin kan zama wanda ake ganin mutuncinsa: likita, lauya, matar attajiri, limamin coci. Dalilinsa ko dai gado ne, ko wani mugun abu da ya gani yana yaro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Bayanin da likitan mahaukata kan yi a minti biyun ƙarshe sau tari bai riƙe ruwa ba, kuma ba alamar hakan ya dami kowa. Akwai kuma wata kwalbar wuski ta J&B da ke bayyana a kan teburin kusan kowane falo, har masoya fannin suka mayar da neman ta wasa.

Ƙarancin kuɗi ya bar tambarinsa a ko'ina. Ana gama ɗauka cikin 'yan makonni. Finafinai da yawa sun yi amfani da wata fasaha mai suna Techniscope da aka ƙirƙiro a Italiya, wadda ke rage rabin zaren fim da ake ci wajen ɗauka. Ana haɗa jari da kamfanonin Jamus ta Yamma da Faransa da Sifaniya, kowace ƙasa kuma ta sako nata ɗan wasa, ga tauraron Amurka ɗaya da tauraruwarsa ta fara dusashewa don a samu sunan da za a manna a takardar talla. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ba a naɗar murya a wurin ɗauka. Kowa ya yi magana da harshensa, Bajamushe ya yi tambaya da Jamusanci, ɗan Sifaniya ya amsa da nasa. Bayan an gama sai a shiga ɗakin naɗa a ɗora Italiyanci, a ɗora Turanci, a ɗora Faransanci. Don haka babu wanda za a kira kwafin asali, duka fassara ne. Matashin da ke sayen fim ɗin Indiya fassarar Algaita a shagon tura finafinai a Tudun Wadan Gusau ya san wannan yanayi na leɓe yana wani wuri murya tana wani, kuma ya san ba ya hana jin daɗin kallo. Ribar da darakta ya samu ita ce kyamara ta sami 'yancin yawo, tunda ba a tsoron ƙararta ko hayaniyar titi.

Inda magana ta yi rauni, kiɗa ya ɗauki kaya. Ennio Morricone, wanda ya yi kiɗan finafinan kaboyi na Leone, shi ya yi wa Argento na finafinansa uku na farko, da muryar mace mai kama da waƙar reno da nishi da kaɗe-kaɗe marasa jituwa. Daga baya wata ƙungiyar matasa mai suna Goblin ta karɓa, faifanta na Profondo rosso har ya hau saman jerin waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar.

Zamanin da aka yi waɗannan finafinai ba na kwanciyar hankali ba ne. Ranar 12 ga Disamba 1969 bom ya tashi a wani banki a dandalin Piazza Fontana na Milan ya kashe mutum 17, kuma an shafe shekaru ana shari'a ba tare da jama'a sun gamsu da sakamakon ba. A 1978 aka sace tsohon firaminista Aldo Moro aka kashe shi. A 1980 wani bom ya hallaka mutum 85 a tashar jirgin ƙasa ta Bologna. Ba a cika ambaton siyasa a giallo ba, amma labarin makashin da ba a ganin fuskarsa da hukumar da ba ta da amsa ya dace da abin da mutane ke karantawa a jarida kowace safiya.

Wanda ya fi kowa taɓa al'umma kai tsaye shi ne Lucio Fulci, a fim ɗinsa na 1972, Non si sevizia un paperino, wato ba a azabtar da ɗan agwagwa. Ya bar birni ya tafi wani ƙauye a kudancin ƙasar, inda sabuwar babbar hanya ta ratsa sama a kan ginshiƙai ba tare da ta sauka ba. Ana ta tsintar gawar yara maza. Zargi ya faɗa kan wani mai taɓin hankali, sannan ya koma kan wata mata da ke zaune a bayan gari wadda ake kira mayya. Ita kanta ta yarda ita ce, domin ta yi 'yar tsana ta soka mata allurai. 'Yan sanda suka tabbatar ba ta kusa da wurin, suka sake ta. Mazan ƙauyen suka tare ta a maƙabarta suka yi ta dukanta da sarƙa, rediyon mota yana ta rera waƙar soyayya. Ta ja jiki har bakin babbar hanyar ta mutu, motocin masu yawon shaƙatawa suna wucewa. Makashin na gaskiya matashin limamin cocin garin ne, wanda a haukansa yake ganin yana tserar da yaran daga zunubi kafin su balaga. Duk garin da aka taɓa yi wa tsohuwa ihun maita saboda yaro ya kwanta ciwo zai gane wannan fim ba tare da fassara ba.

Akwai sukar da ba za a kauce mata ba. Mafi yawan waɗanda ake kashewa a waɗannan finafinai mata ne, kuma kyamara kan daɗe a kan jikinsu fiye da yadda labari ke bukata. Tsiraici ya zama kayan talla, musamman a finafinan da jaruma Edwige Fenech, haifaffiyar Aljeriya, ta yi da 'yan uwan nan biyu, Sergio da Luciano Martino. Wasu masu kare fannin kan ce ai mata sun sha fitowa a matsayin masu bincike har da masu kisa. Gaskiya ne, amma bai wanke da yawa daga cikinsu ba, kuma ba finafinan da za a kunna a tsakar gida ba ne.

Daga tsakiyar shekarun 1970 bincike ya ja baya, ban tsoro zalla ya shigo gaba. Suspiria na Argento, na 1977, labarin wata ɗaliba ce da ta je makarantar rawa a Freiburg ta Jamus ta tarar matsafa ke riƙe da ita. Labarin bai fi cikin cokali ba, amma jan launi da shuɗi da kiɗan Goblin sun sa ya zama fim ɗin ban tsoro na Italiya da aka fi sani a duniya. Fulci ya bi wata hanya. Da fim ɗin George Romero na Amurka ya yi kasuwa a Italiya da sunan Zombi, sai aka fitar da na Fulci a 1979 aka kira shi Zombi 2, alhali babu abin da ya haɗa su. A cikinsa ne gawa ta yi kokawa da kifin shak na gaske a ƙarƙashin teku.

Ƙwarewar masu haɗa jinin ƙarya ta kai wasu kotu. Kan wata fitowa ta karnuka da aka farke cikinsu a fim ɗin ƙadangare, an gurfanar da Fulci bisa zargin cin zalin dabbobi, sai da mai haɗa dabarun, Carlo Rambaldi, ya kawo karnukan roba gaban alƙali. Rambaldin nan shi ne daga baya ya ƙera halittar fim ɗin E.T. na 1982 a Amurka. Shari'ar Ruggero Deodato ta bambanta. Fim ɗinsa Cannibal Holocaust na 1980, da aka ɗauka a dajin Kolombiya, hukuma ta ƙwace shi, kuma dabbobin da aka yanka a ciki da gaske aka yanka su. A Birtaniya, bayan zuwan kaset ɗin bidiyo, hukuma ta fitar da jerin finafinai 72 da ta ɗauka masu ɓata tarbiyya, na Italiya suna da kaso mai tsoka a ciki, aka kuma kafa dokar tace kaset a 1984.

Ba doka ce ta kashe sana'ar ba, talabijin ce. A 1976 kotun tsarin mulkin Italiya ta halatta tashoshi masu zaman kansu, suka cika ƙasar suna nuna finafinai kyauta dare da rana. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 tikitin da ake sayarwa a shekara bai kai miliyan 150 ba, sinimomin hawa na uku suka rufe dubu-dubu. Kuɗin shirya fim ya koma hannun masu talabijin, su kuma ba sa son jini. Amurka kuma ta koyi darasin ta fi malaminta jari. Halloween ya fito a 1978, kashi na biyu na Friday the 13th a 1981 ya kwafi kisa biyu kusan sak daga wani fim ɗin Bava na 1971. Bava ya rasu a 1980, Fulci a 1996.

A Zamfara ƙarshen sinima ta wata hanya ya zo. Bidiyo ya riga ya janye 'yan kallo zuwa gida, finafinan Hausa na kaset da suka faro da Turmin Danya a Kano a 1990 suka cike gurbin, sannan da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999 ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima. Amma tsarin kasuwar da ya haifi giallo ya sake bayyana a masana'antar Kano: ɗan kasuwa ya ba da jari, a ɗauki fim cikin kwanaki, kuma idan ɗaya ya karɓu, kamar yadda Sangaya ya karɓu, a yi ta bin sawunsa. Bambancin shi ne abin da ke ɗaga kan mai kallo a nan waƙa ce da rawa, a can kuwa aska ce.

Yau finafinan sun sami rayuwa ta biyu a hannun kamfanonin Turai da Amurka da ke tono ainihin zarensu suna gyarawa suna sayarwa a faifai da intanet, jami'o'i kuma suna koyar da Bava da Argento a darussan fim. An sake yin Suspiria a 2018 ƙarƙashin darakta Luca Guadagnino. Argento da kansa ya koma giallo a 2022 da fim ɗin Occhiali neri, baƙin tabarau, yana da shekara 81.